Na Ga Murfin Tankin a Karkace, Na Yi Shiru

Shekarata ashirin da uku a lokacin, mahaifina malamin firamare ne a Tambuwal, mahaifiyata kuwa 'yar Kebbe ce. A gidanmu ba a gyara wa babba magana. In Baba ya kira Talata Laraba, to Laraba ce har sai ya gano da kansa. Da wannan hali ake yabona a unguwa, da shi kuma na tafi makarantar koyon tuƙin jirgin sama, aka yi ta zuwa gidanmu barka kamar an yi haihuwa.

Malamin da aka haɗa ni da shi dattijo ne, yana tuƙi tun ba a haife ni ba. Da ya ji inda na fito sai ya ce shi ma mutumin Kebbe ne, ajinsu ɗaya da kawuna. Daga ranar na koma kiransa Kawu. A aji kuwa kullum ana nanata mana cewa cikin jirgi babu babba babu yaro, wanda ya ga matsala ya faɗa nan take. Na rubuta wannan a littafi, har na ci shi a jarrabawa.

Wata safiya na makara. Ƙa'ida ce ɗalibi ya zagaya jirgi ya duba komai kafin tashi, amma na tarar da Kawu yana kallon agogo, ya ce ya riga ya duba, in shiga mu tafi. Ina wucewa ta fiffiken hagu na ga murfin tankin mai bai zauna ba, ya ɗan karkace. Gani na yi sarai, ba zato ba. Amma in na ce a sake dubawa na ƙaryata shi ke nan, ga shi ni ne na makara. Sai na ce wa raina wanda ya riga ka barci ya riga ka tashi, na ɗaura bel.

Ƙaramin jirgi ne mai kujera biyu, ni a hagu, shi a dama. Muna sama na hangi mai yana fita ta bayan fiffike kamar farin zare. Shi ba ya iya gani daga inda yake. Na yi gyaran murya sau biyu, ina jira ya lura da kansa. Kafin ya ga allurar ma'aunin mai ta faɗi mun yi nisa, kuma man ɗaya tankin bai kai mu gida ba. Ya karɓi tuƙi ya sauke mu a wata gonar dawa, taya ta bugi kututture. Na fito ko ƙwarzane babu, shi kuwa ƙugunsa ya karye.

Daga gadon asibiti ya gaya wa masu bincike laifinsa ne shi kaɗai. Ni da suka tambaye ni ko na ga wani abu, na ce na gani, tun a ƙasa. Shugabansu bai ɗaga murya ba. Ya ce makara ana yafewa, kuskuren hannu ana gyarawa, amma wanda zai gani ya yi shiru ba su da kujerar da za su ba shi. Aka sallame ni daga makarantar.

Bayan wata shida na hau babur na je gaida Kawu a Kebbe. Bai zage ni ba. Ya ce da na yi magana da ya yi mini faɗa, wannan gaskiya ne, amma da ya sauka ya murɗa murfin. Yanzu ina aikin akawu a sakatariya, kuma ba na ɗora wa iyayena laifi, ladabi suka koya mini, ni ne ban san inda ya tsaya ba. Duk mai shirin shiga wannan sana'a, in ya ga abu ya faɗa, ko da sa'an kakansa ne a gefensa. Ni ɓacin ran Kawu na minti biyar na gudar wa kaina, shi kuwa bai sake tuƙi ba, da sanda yake zuwa masallaci.