Yaya Asabe da Kwandon da Ta Kifar a Gaya

Kafin rana ta fito Yaya Asabe tana bakin ruwan Yelwa, ta ci ɗamara, tana ɗaga kifi ɗaya-ɗaya tana sunsunawa. Wanda ya kwana ba ya hawa bandarmu, ko na ɗan'uwanta ne. Daga nan sai gindin murhu har la'asar. Bana gwiwa ta zaunar da ita, shi ya sa na ce sai na rubuta wannan, duk da karatuna bai yi nisa ba.

Yayar mijina ce, marigayi Wakili. Ya rasu ba da daɗewa ba bayan an ba mu jihar Kebbi, ya bar ni da yara huɗu. Har yau in na ga mai irin tafiyarsa sai hawaye. A lokacin masu saye daga kudu sun ja baya, ƙannensa suka ce a sayar da murhunan banda a raba gado. Da an yi haka, ni da marayu sai komawa garinmu Shanga hannu wofi.

Yaya Asabe ta dubi ƙaninta ta ce, "Lawali, kai da ko tarwaɗa ba ka iya juyawa a wuta, kai za ka sayar da murhu? Kogin nan bai ƙare a ƙasarmu ba. Mu bi shi zuwa Gaya ta Nijar."

'Yan kifi mun saba jera manya a saman kwando, gutsattsari a ƙasa. Da muka zo shirya kayan tafiya, Yaya ta hana. Lawali ya yi ta guna-guni har muka sauka daga jirgi. A kasuwar Gaya ba wanda ya san mu, ita kuma ba ta jin Zabarmanci. Wata dillaliya ta taɓe baki ta ce da Hausa, "Kwandon baƙo, kyan nasa a sama yake."

Yaya ta kifar da shi kan tabarma. "Fara daga gindi, 'yar'uwa."

Matar ta tona, ta tona, sannan ta kwashe da dariya ta kira abokanta. Yanzu har daga Malanbil ta ƙasar Binin ake aikowa a sayi kifin gidan Wakili, ba a ko buɗe kwandon.

Ke ce garkuwar marayu, Yaya. Ba ki taɓa ce mini matar ƙane ba, sai dai "tamu". Na gode, Allah ya saka miki, ya ba gwiwar lafiya. Masu riƙe da sana'ar gida, ku shirya kayanku yadda za ku iya kifar da su gaban baƙo. Yaran Wakili sun girma a gidan ubansu.