Faifan ƙanena a tsakar gidan surukaina

A shekarun da kuɗin mai suka shigo, ƙanena ya tafi Legas neman aiki, sai ya ɓige da waƙa. Irin kiɗan nan da ake ce wa rege, mai tafiya kamar raƙumi ya ɗauko kaya. Da faifansa na farko ya fito, ya aiko mana ɗaya ta hannun wani direba. Ga hotonsa a jikin kwalin, gashi a cukurkuɗe, ko hula babu.

Maigidana masinja ne a wani ofis a Daura, da aka yi ƙarin albashi ya sayi garmaho. Ranar Juma'a bayan la'asar ya fito da shi tsakar gida. Inna, mahaifiyarsa, tana kan tabarma, ƙannensa mata sun kewaye. Ni ina gefe ina tankaɗe.

Waƙoƙin farko da Turanci ne, maigida yana fassarawa: tsadar gero, motocin manya, famfon da ba ya kawo ruwa. Inna tana gyaɗa kai. Sai ga wata da Hausa. Labarin wata mata ce da ta goyo ɗanta mai ƙyanda tun daga Sandamu, ta tarar ba magani a ɗakin magani, ta zauna a ƙasa tana kuka tana kiran sunan yaron. Ya kuwa faɗi sunan, ya yi ta maimaitawa.

Matar nan ni ce, yaron kuwa ɗan farina ne. Tun da na haife shi ban taɓa kama sunansa a gaban mutane ba, "wancan" nake cewa, in Inna na wurin ko ɗaukarsa ba na yi. Ranar da abin ya faru ina ganin gida a Sandamu, ƙanena kaɗai ya raka ni. Ban san ya riƙe ba.

Rariya ta tsaya a hannuna.

"Matar Yaya, ashe kin iya sunan?" in ji ƙaramar ƙannen maigida, suka tuntsire da dariya.

Maigida ya ce, "Inna, ai da gwamnati yake."

"Da gwamnati yake, amma sunan jikana na ji," ta ce, ba ta ko dube ni ba. "Mu a zamaninmu ko maƙwabta ba su ga hawayenmu a kan ɗan fari ba. Yanzu har Legas an ji."

Ɗan nawa, da ya ji sunansa a cikin garmaho, sai ya taso yana rawa, ya zo ya rungume ƙafata, duk gari ya shafe masa fuska. Hannuna har ya tafi zai share. Na janye, na ture shi a hankali, na ce ya je wurin kakarsa. Ya tafi yana waiwayena.