Dutsen da Na Musanya wa Baba

Kafin in lalace, ɗan dako ne ni a kasuwar tayil ta Dei-Dei. Karatuna bai wuce firamare ba. Ina da yawan wasi-wasi: in na kulle ɗakina a Kubwa, sai na dawo na sake taɓa kwaɗon kafin hankalina ya kwanta. Ba ni da mata, ba ni da ɗan'uwa a Abuja. Mutum ɗaya nake ziyarta ranar Lahadi, wani dattijo ɗan Gbagyi mai gonar doya a bayan gari, ana ce masa Baba. Na taɓa taya shi ɗaukar buhu, shi ke nan ya mai da ni ɗan gida.

A tashar Jabi na fara jin labarin dutsen sama. Wani dillali ya nuna mini hotuna a waya, ya ce akwai duwatsun da ke faɗowa daga sararin samaniya, masu kuɗi na nemansu. Ya koya mini alamomin. Na gaske ya fi dutsen ƙasa nauyi, kuma maganaɗisu yakan kama shi. Yana da siririn ɓawo baƙi saboda ƙonewar da ya yi a hanya, da 'yan lotsawa a jiki kamar an danna babban yatsa a tuwo. Ba shi da ramuka irin na kashin maƙera. In an goga shi a bayan tayil ba ya barin zane sosai, amma dutsen ƙarfe na ƙasa yakan bar ja ko baƙi.

Na ce, "To a ina zan samu?"

Ya yi dariya ya ce, "Haba malam, wa ya ce sai ka samu?"

Wasi-wasina ya yi mini amfani a mugun aiki. Nakan tsinto duwatsu masu nauyi da maganaɗisu ke kamawa, in fafe musu lotsawa, in shafa baƙin mai in ƙona, in duba in sake dubawa. Gwajin tayil kaɗai na kasa gyarawa, don haka a tasha nake haɗuwa da masu saye, inda ba tayil.

Wata Lahadi Baba ya jawo wani baƙin dutse daga ƙarƙashin gado. Ya ce, "Wannan ya faɗo gonata shekarar da matata ya rasu. Na ji ƙara kamar taya ta fashe." Ya ce in kewarta ta dame shi yakan riƙe shi, ya nuna mini wata lotsawa da yatsansa ke zama a ciki daidai. Kullum akwai guntun tayil a aljihuna. Na goga, babu zane. Ban taɓa riƙe na gaske ba sai ran nan.

Na ce ya sayar mini. Ya ce, "Kai ɗana, abokin hirata za ka saye?"

Na koma na ƙera irinsa. Da na dawo, ya fita ɗauko mini gasasshiyar doya, na musanya. Na ci doyar har na gode masa. Na kai wa dillali dutsen, ban sake taka gonar ba.

Ba a kan dutsen Baba aka kama ni ba. Wani oga ma'aikacin gwamnati ya sayi na jabu a hannuna, ashe gini yake yi, fasassun tayil ko'ina a gidansa. Ya goga, ya ga ja. Daga hannun 'yan sanda sai kotu, daga kotu sai gidan yari.

A can ba mai zuwa wurina. Ranar ziyara nakan juya fuska bango in ji ana kiran sunayen wasu. Sai wata rana aka kira nawa. Baba ne, da doya a leda.

Ya ce, "Ɗana, dutsen nan yatsana ba ya shiga."

Na kasa ɗaga kai.

Ya ce, "Ban yi fushi ba. In ka fito, ka kawo nawa, ka ɗauki naka."

Na ce to, alhali ban san ko a wace ƙasa dutsensa yake ba.

Da aka sake ni na yi ta sintiri a Jabi ina neman dillalin, kowa ya ce bai san shi ba. Kunyar zuwa hannu wofi ta sa na yi ta ɗaga tafiyar, wannan Lahadi zuwa waccan. Ranar da na daure na je, 'yarsa na tarar tana shanya rogo. Ta ce Baba ya rasu tun kafin damina. Ta shiga ɗaki ta fito da dutsen jabun ta miƙo mini. Ta ce, "Ya ce naka ne, za ka zo."

Na koma dako. Na tuba, ina roƙon Allah gafara, amma wanda ya kamata in roƙa a duniya na makara.

Matasa, ku ji ni. In aka kawo muku dutse aka ce daga sama ya faɗo, ku auna nauyinsa, ku duba ɓawonsa, ku goga shi a bayan tayil, sannan ku kai wa masana su tabbatar. Kada ku koyi alamar gaskiya don ku ƙera ƙarya da ita. In kun cuci wani, ku je yau, ko da hannu wofi ne. Dutsen yana ɗakina yanzu. Ranar Lahadi ba ni da wurin zuwa, sai in ɗauke shi in gwada yatsana. Ni da na fafe shi ma, nawa ba ya shiga.