Ranar Da Na-Sama Ya Ƙi Haska Layin Baya

Kafin masu shaguna su buɗe, Na-Sama ya riga ya iso ɗakin taro. Yakan zaga ta lungun baya, inda ake jibge karyayyun kujeru, ya buɗe ƙaramar ƙofar ƙarfe, ya jawo igiyar wuta mai soket da yawa ya ajiye a bakin ƙofa. Sai mutanen da suka kwana a barandar shagunan lungun su fara tasowa, kowa da wayarsa a hannu, su saka caji, su wanke fuska a famfon da ke jikin bango. Ba wanda ya sa shi wannan aiki. Ba ya kuma tsayawa jiran godiya. Yakan hau tsani ya shige ɗan akurkinsa da ke can saman zaure, ya goge gilasan fitilu, ya gwada su a kan dandamalin da babu kowa.

Mai kula da fitila ne, shekara ashirin da ɗoriya. A zauren nan ake yin wasan barkwanci na gidauniya duk shekara, abin da aka tara kuma a kama wa masu kwana a titi ɗaki, a saya musu bargo da magani. 'Yan wasa su yi suna, 'yan kwamiti su fito a hoto. Shi kuwa mafi yawan 'yan kallo ko a hanya suka haɗu da shi ba za su gane shi ba. Laƙabin ma 'yan wasa ne suka liƙa masa, don sai sun ɗaga kai suke masa magana. A wannan watan ya bar aiki, gwiwa ta ce ta gaji da tsani.

'Yan wasa suna da labaransa da yawa. Wata mai barkwanci ta ce ranar da ta fara hawa dandamali komai ya gudu daga kanta, ta tsaya da makirfo a hannu tana zare ido. Sai fitila ta fara ƙyaftawa kamar za a ɗauke wuta. Ta samu abin cewa, ta hau 'yan kamfanin lantarki da tsiya, zaure ya kece da dariya, ta dawo hayyacinta. Sai daga baya ta ji cewa lafiyar wutar ƙalau a ranar. Kai ne ka yi wannan, Na-Sama, kuma da ta hau akurkinka ta yi maka godiya ka ce ba ka san zancen ba.

Amma labarin da ya sa na ɗauki alƙalami na Direba ne.

Direba yana cikin masu cajin waya a lungun. Babbar mota yake tuƙawa a da, sai hannunsa ya fara rawa, kamfani ya karɓe makulli. Bai gama farfaɗowa ba aka rushe gidan da yake haya don a faɗaɗa titi. Matarsa ta daɗe da rasuwa. 'Yarsa ɗaya ce, malamar makaranta, tana aure a can ƙarshen gari, hotonta ne ma a fuskar wayarsa. Kullum da safe, da wayar ta ɗan samu caji, sai ya kira ta. Na-Sama yana jin sa daga kan tsani yana cewa, "Lafiya lau nake, uwata. Ɗakin nan ma iska ta yi masa yawa."

Wata rana Na-Sama ya ce masa, "Malam, ka faɗa mata mana."

"Ni da na ɗauke ta a wuya na kai ta makaranta, in je in tare a gidan suruki? Gara barandar."

Na-Sama bai sake tayar da maganar ba.

A shekarar ne kwamiti ya zo da sabuwar dabara. Za a gayyato mutanen lungun a zaunar da su a layin baya, idan wasa ya yi nisa a haska su, masu ba da gudummawa su ga waɗanda ake yi dominsu. "Gani ya kori ji," in ji ciyaman. Ba da mugun nufi ya faɗa ba, kuma a lissafin gidauniya yana da gaskiya. Aka sanar da Na-Sama, ya ce to.

Ranar wasa da yamma aka ja labulaye, zaure ya yi duhu, mutane suka cika. Daga sama Na-Sama yana ganin kowa. Ya ga an zaunar da Direba a tsakiyar layin baya, 'yan kwamiti sun tare bakin layin hagu da dama. Ana cikin shigowa sai ya ga Direba ya zame a kujera, ya jawo hula ya rufe rabin fuska. Na-Sama ya bi inda idon Direba yake kallo. Wasu mata ne suke neman wurin zama a gaba, kuma ta tsakiyarsu ita ce ta fuskar waya. Direba ba shi da hanyar fita, sai dai in zai ta da rabin layi, ya jawo idon kowa kansa. Ya ɗaga kai ya dubi akurkin, ya girgiza kai kaɗan.

Mai gabatarwa a ranar Shaƙiyyi ne, mutumin da bakinsa ba ya hutawa. Da lokaci ya yi ya buɗe hannu ya ce, "Jama'a, yau muna da manyan baƙi. Baba Na-Sama, haska mana layin baya!"

Mutane suka fara juyawa. Fitila tana nan a kan Shaƙiyyi.

"Baba, ba ni ba. Ni sun gaji da ganina."

Aka yi dariya. Fitila ta motsa a hankali, ta hau bango, ta je ta tsaya a kan fankar da ke silin.

"Baba, wannan fanka ce! Ita tana da matsuguni!"

Zaure ya ɗauka. Shaƙiyyi ya samu nama, ya bar maganar baƙi ya koma kan mai fitila. Ya ce tsufa ne, ya ce a buɗe gidauniya ta biyu a saya masa tabarau, ya ce wataƙila ya kai wata yana barci a can sama ba a sani ba. Wayar Na-Sama tana ta ruri a aljihu, ciyaman ne. Hannunsa yana kan fitila, ya bar wayar tana ruri. Ya san abin da ke jiransa a ƙasa. Da Shaƙiyyi ya ga dariya ta fara sanyi sai ya kira ɗan wasa na gaba. Bayan an tashi ma Na-Sama bai kunna manyan fitilun zaure ba sai da layin baya ya watse ta ƙaramar ƙofa.

Mai sharar zauren tana nan lokacin da ciyaman ya tare shi a gindin tsani.

"Malam, ka kunyata mu a gaban mutane."

"Hannun fitilar ne ya cije, ranka ya daɗe."

"Ya cije ya hau silin?"

Na-Sama ya sunkuya ya fara naɗe igiya. Shekarar da ta biyo baya aka ba wani kamfani aikin fitilar wasan, shi kuma aka sa shi jera kujeru. Ya jera. Sai da 'yan wasa suka yi ƙorafi cewa yaran kamfanin suna kashe musu ido aka maido shi. Har yau akwai masu ce masa mai haska fanka, yana amsawa.

Abin da ciyaman bai gani ba shi ne abin da ya faru a daren wasan bayan ya tafi. Wata mata ta zo ta tsaya a gindin tsanin, jakarta a ƙirji.

"Baba, sannu da aiki. Kai ne mai fitila?"

"Ni ne, 'yata."

"Ba ta cije ba, ko?"

Ya ci gaba da naɗe igiya.

"Na san ƙeyar mahaifina ko a duhu," in ji ta. "Wata tsohuwar maƙwabciyarmu ce ta ce ta gan shi a lungun nan, na ce ƙarya ne, na zo in gani da idona. Ni ba zan ji kunyarsa ba, Baba. Amma da ka haska shi, da yau ya bar garin nan, kuma ba zai sake ɗaga wayata ba."

"To me kike so in yi?"

"Ka faɗa min inda yake zama da rana."

Ya faɗa mata, wani benci ne a bakin tasha inda tsofaffin direbobi ke hira. Kwana kaɗan bayan haka ta biyo ta wurin kamar hanya ce ta kawo ta. Ta nuna kamar ta yi mamakin ganin mahaifinta, ta zauna ta kawo kukanta, cewa maigidanta ya cika tafiye-tafiye, gida ba babba, yara sun fi ƙarfinta, don Allah ya saki ɗakin nan nasa ya zo ya taimake ta. Direba ya ja aji sosai. Sai da ta yi ta roƙo, ta turo mijinta ma ya roƙa, sannan ya ce to, saboda yaran. Ita ce ta ba ni wannan ɓangaren, ta ce in rubuta, mahaifinta rediyo yake ji, ba ya karanta jarida.

Kai ne, Na-Sama, mai gani ba a ganinka. Ka yarda aka yi maka dariya a zaure cike da mutane don kada a kalli mutum ɗaya. Mun gode maka. Masu shirya gidauniya kuma, da masu riƙe kyamara, da mu masu ɗaga waya mu ɗauki hoton duk wanda muka miƙa wa abu, ya kamata mu riƙa tambayar mutum tukuna ko yana son a gan shi.

Ranar da aka yi wa Na-Sama ɗan taron ban kwana a zauren, Direba ya zo, ya yi ƙiba, rigarsa a goge. Ya jira mutane suka ragu, ya jawo Na-Sama gefe, ya riƙe hannunsa da hannun nan mai rawa.

"Malam, na zo in yi godiya," ya faɗa ƙasa-ƙasa. "Ka rufa min asiri. Ka san har yau ba ta sani ba?"

Na-Sama ya dubi bayan Direba. 'Yar tana tsaye a bakin ƙofa riƙe da sandar mahaifinta, tana kallon ƙasa.

"Ina za ta sani, Malam?" in ji shi. "Ai a duhu kake."