Iyakar da Ba a Dasa wa Gamba Ba

Ƙarar ƙahon da ke fitowa daga kwamfutar jikanyata ita ta tuno mini da gamba. Ku matso ku ji yadda aka yi.

Tun da muka baro ƙauye muka tare a Talata Mafara, yarinyar nan in ta aje littafi sai wasan cin ƙasashe. Ran nan na zauna kusa da ita, ta nuna mini duniya a shimfiɗe kamar tabarma. Ta ce an yanka ta nahiya-nahiya. Soja in yana nahiyarsu ƙarfinsa cikakke ne, in ya shiga ta wasu sai ya ragu. Na duba, na sake dubawa. Ƙasa ɗaya ce, ba gulbi ba dutse a tsakani.

Na ce, "To ina iyakar?"

"Ba a ganinta da ido haka, tsohuwa. Na'ura ke yankawa. Wanda bai bincika ba, sai ya taka ya sani."



Da ƙuruciyata, can wajen Birnin Tudu, iyaka abar taɓawa ce. Kakana da maƙwabcinsa tare suka dasa gamba tsakanin gonakinsu. Da damina takan fi ni tsawo, raɓarta na jiƙa mini zane in na kai fura gona. Da kaka su biyun ke yanke ta, su raba, kowa ya saƙa zanan gidansa. Kakana yakan ce, "Iyakar da ba ta rufa asirin gida biyu ba, rami ce."

Gonar tana nan. Gambar ma an ce tana nan. Amma mutanen daji masu bindiga sun yanka ƙasar yadda suka ga dama, ba su dasa komai ba. Bara iyakarsu a gulbi ta tsaya. Bana wa ya sani?

Ga hadari ya fara haɗuwa. Ɗana, uban yarinyar, ya gyara sungumi, ya rantse sai ya koma gonar, shukar bana ba za ta wuce shi ba.

Na tambayi jikanyar, "In sojan ya ƙetara bai dawo ba fa?"

Ta yi dariya. "Sai a fara sabon wasa mana."

Na tashi na sauko da irin geron da ɗana ya rataye don shuka, na juye shi a turmi. A gidan kakana ko yunwa ba ta sa a daka iri. Yau ni na daka shi, da hannuna.