Kujerun Mma Adiza

Ni ɗan Kano ne, kuma ba a gidan ɓarayi aka haife ni ba. Mahaifina tela ne a Fagge, mutumin kirki. A farkon shekarun dubu biyu aka turo ni Manchester karatun digiri na biyu. Na zo ina salla a kan lokaci, ina jin kunyar haɗa ido da babba. Na fara da wannan ne, ku matasa, don kada ku ce halin gado ne.

Ranar Asabar ba ni da aji a jami'a, sai na sami aiki a shagon wani tsohon Bature mai sayar da tsofaffin kayan ɗaki. Cikin shagon kujeru ne da tebura na shekarun hamsin da sittin, da dogayen kabad masu siraran ƙafafu. Bayansa kuma fili ne cike da abin da aka ɓalle daga gidajen da aka rushe: ƙofofi masu gilashi mai launi, tayil, da murhun ƙarfe na jikin bango. Da farko dariya abin yake ba ni, don a gida wasu sai dai a yi itacen girki da su. Amma sai in ga miji da mata sun shigo da abin awo, matar tana shafa katako kamar ta sami jariri.

Wata rana wasu suka tambaye ni ko wata kujera daga Denmark take. Ban sani ba, amma na ce musu daga can take. Suka saya suna murna, har da godiya. Ba abin da ya same ni. Daga nan na gane bakina ya fi kujerar tsada.

Idan tsoho ya mutu, danginsa kan kira maigidana a kwashe kayan gidan, ni yake aikawa. Sai na fara ware masu kyau ina ɓoyewa. Na sami wani dillali a Birmingham, kusa da Stratford Road, wanda ba ya tambayar inda kaya suka fito. Na sayi tsohuwar motar ɗaukar kaya, na daina zuwa aji, na bar shagon. Da jiran mutuwar tsofaffi ya ishe ni, sai na koma kan masu rai. In ƙwanƙwasa ƙofa, in gaisa da ladabi, in ce kayan nan sun lalace amma zan taimaka in ɗauke.

Mma Adiza Bahaushiyar Ghana ce, daga Kumasi, tana zaune ita kaɗai a unguwar Moss Side ta Manchester tun da mijinta Alhaji Issaka ya rasu. Da azumi ita ke dafa wa ɗalibai abinci, ta nan na san ta. Ɗana take ce mini. Ranar da na fara shiga falonta, ina durƙushe ina gaishe ta, idona na kan kayan. Teburi da kujerunsa, doguwar kabad, murhun ƙarfe mai zanen furanni, duk na asali, ba ko ƙwarzane. Alhaji ne ya saya mata a shekarar da ya kawo ta Ingila. Akwai kujera mai hannu a gefen taga da ba ta barin kowa ya zauna, tasa ce.

Wata rana tana kicin tana haɗa mini shayi, na fito da siririyar ƙusa na huda ƙafar teburin wuri-wuri. Da ta dawo na nuna mata.

"Mma, ƙwaro ya shiga katakon nan. In ma'aikatan ƙaramar hukuma suka gani za su ce a ƙone duka. Bari in ɗauke miki."

Ta duba, ta girgiza kai. "Bar su, ɗana. Sun san ni, na san su. Sha shayinka."

Na sha, raina a ɓace.

Da sanyi ya shigo ta zame a bakin ƙofa, ta karye a ƙugu. Na je asibiti duba ta, ta ciro makulli daga jakarta ta miƙo mini. Ta ce in riƙa kunna na'urar ɗumama gida kada ruwa ya daskare a famfo, don 'yarta Rakiya tana aiki a London, sai ƙarshen mako take zuwa.

Washegari da hantsi na kai motata ƙofar gidan. Maƙwabciya ta leƙo, na ce mata 'ya'yan ne suka sa a yi gyara kafin a sallamo tsohuwa. Na kwashe falon tas. Na sa ƙarfe na ɓalle murhun, bango ya tsage, toka ta zubo kan dardumar sallarta, na taka na wuce. Na cire gilashin ƙofar gaba na buga falanki a gurbinsa. Da la'asar na koma asibiti da ayaba. Ta kama hannuna ta yi ta sa mini albarka, ina cewa amin.

A Birmingham ina tsaye aka sayi kujerar Alhaji. Wani saurayi ya zauna a kai ya miƙe ƙafa, budurwarsa ta tambayi tarihinta. Na ce ta wani mai zanen gidaje ce da ya koma Spain. Suka ji daɗin labarin.

Maƙwabciyar nan ce ta kwatanta motata. A unguwar Sparkbrook ta Birmingham aka kama ni, aka kuma gano sauran tsofaffin da na yi wa haka. A kotu Rakiya ta ba da shaida. Ta ce da ta ga gidan ta rasa yadda za ta faɗa wa uwar, sai da aka sallamo ta. Tsohuwa ta tsaya da sandarta tana kallon ramin bango, ta ce a bar zargina, ɗanta ya kai su gyara ne. Ta sa aka ajiye mata kujerar roba a gefen taga tana jirana. Da 'yan sanda suka zo da hotunan kayan a shagon dillali, sai ta daina magana. Gidan bai zaunu ba, aka mayar da ita gidan kula da tsofaffi. Kafin a yanke mini hukunci ta rasu.

A kurkuku na fara salla ta gaskiya, ba ta idon mutane ba. Limamin da ke zuwa mana ranar Juma'a na roƙa ya nemo mini Rakiya. Ta zo sau ɗaya, ba ta ko cire rigar sanyinta ba. Na tambaye ta ko Mma ta ce wani abu a kaina.

"Na tambaye ta ko ta yafe maka," in ji ta. "Ta ji ni sarai. Ta juya fuskarta bango."

Ta tashi ta fita.

Da na gama wa'adina, daga kurkuku aka wuce da ni filin jirgi. Na sauka Kano ba digiri. Mahaifina ya amsa sallamata, ya ci gaba da ɗinkinsa, ya daɗe kafin ya sake kiran sunana. Yanzu ina taya wani ƙanena jiran shago, na tuba, ina kuma roƙon Allah kullum.

Ku da kuke shirin tafiya karatu, ku ji ni. Ƙaryar farko ba ta da zafi, har godiya za a yi muku. Ku tsaya a nan, kada ku yi ta. In kuma kun riga kun cuci wani, ku je yau ku same shi tun yana numfashi. Haƙƙin mutum sai shi ya yafe da bakinsa. Ni mai haƙƙina tana kwance a maƙabarta a Manchester, a ƙasar da aka hana ni sake takawa.