Jigon Gida

Da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Inna a Djougou, sai ƙannena suka tuna ni ce babba. Na rufe shagona na atamfa a Parakou, na ce sati biyu zan yi. Damina ta zo ta wuce ina ɗaki ɗaya da ita. Su kuwa sai waya: "Yaya, ai ke ce jigon gida." Daɗin baki dai ba ya kai mara lafiya bayi.

Ni 'yar fari ce. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa rungume ni ba, kakata ce ta goye ni. Kunyar nan ta biyo mu har gadon jinya. In zan ɗaga ta, sai in miƙe hannuwa in tallafo ta daga nesa, kamar mai sauke tukunya daga wuta, ita kuma ta kau da kai.

Gwiwar hannuna ta dama ta fara zogi, har buta ta gagare ni. Na tsorata, don in hannun nan ya tafi, babu mai ɗaga Inna.

Mai gyaran gaɓoɓin da ke zuwa motsa mata ƙafa, wanda muke kira kine, ya ga yadda nake yi.

"Hajiya, kin san jigon ban ruwa na lambu? Haka hannu yake. Gwiwa ce gwafar, tsoka tana ja dab da ita, kaya kuma yana can ƙarshen sanda. Duk nisan da kika ba kaya, tsoka ce ke biya. Ki haɗa Inna da ƙirjinki, ki tashi da cinya."

Na ji haushinsa. Wannan bai san gidanmu ba.

Da la'asar zogi ya ci ƙarfin kunya. Na durƙusa, na zagaye ta da hannuwa, na jawo ta. Kuncinta ya sauka a wuyana, tana ƙamshin man kaɗanya. Ashe ba ta da nauyi. Na miƙe, idona ya cika.

A kunnena ta ce, "Ke, tura ƙofa, kada a gani."

Na tura da ƙafa.

Hannu ya warke. Da na gaya wa ƙannena, suka yi hamdala, suka ce to ba sai an nemo mai jinya ba ke nan. Shagona har yau a rufe yake.